Yadda Lantana Ta Koya wa Autarta Kurumta

A ƙauyen da Lantana ta yi aure, can cikin gonaki tsakanin Cadakori da Gidan Sori, da abu biyu aka san ta. Na farko man gyaɗa. Ita ke soya gyaɗar, ta daka, ta matse man da hannunta, ta toya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Cadakori ta hau amalanke ta kai. Na biyun kuwa ba a faɗinsa a gaban baƙo: Lantana ta iya mayar da lafiyayyen yaro kurma.

Ba magani take ba shi ba, ba kuma wani tsafi. Horo ne kawai.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane. A zamanin mulkin soja, kowace shekara da an fara yankan gero, akan zo ɗaukar yara lakol, wato makarantar boko. Ba a tambayar uba, balle uwa. Maigari ne ke nuna gidajen da za a ɗauka, mushe, wato malamin lakol, ya duba yaran, shi ke nan an gama. Mutanen ƙauye kuwa asara suke ganin abin. Yaro ya shiga ya ɓata shekaru, ya fito bai samu aikin buro, wato na ofis, ba, hannunsa kuma ya manta da hauya. Lantana ta gani a gidan ubanta. Wanta da aka ɗauka tun suna yara yana can Maradi yana yawo, faransanci a baki, yunwa a ciki. Yaron da mushe ba ya ɗauka iri ɗaya ne: kurma ko bebe.

Saboda haka ranar da aka ce a kawo Labo, ɗanta na fari, Lantana ta zaunar da shi a bayan rumbu ta ce masa, "Gaban mushe ba ka ji, ba ka magana. In munka dawo gida, ka yi ta surutunka." Yaron mai wayo ne, nan take ya gane. Sai ta shiga horo. Ta lallaɓa ta bayansa ta saki tasa a ƙasa, in ya zabura ta mintsine shi. Ta sa maƙwabta su ƙwala masa kira ba zato, in ya waiwaya ta mintsine shi. Ranar ɗauka mushen wancan lokaci ya yi ihu, ya tafa hannu a bayan kunnensa, Labo yana ta kallon ƙuda. Aka sake shi. Kafin su iso gida ya fara waƙa.

Daga nan mata suka rinƙa kawo mata 'ya'yansu a ɓoye. Ta kurmantar da na wannan, ta bebantar da na waccan, har aka wayi gari lakol ɗin ƙauyen ta yi suna da yawan kurame, kamar wata annoba ta faɗa wa yaran garin su kaɗai. Lantana ba ta ɓoye jin daɗinta. In mata suna tsokanarta a bakin rijiya, takan ce, "Ku kawo mani mushen ma, in kurmanta maku shi."

Tsakanin Labo da Raliya ta haifi uku, duk ƙasa ta rufe su tun suna goye. Raliya ce auta, ita ce ta tsaya. Kyakkyawar yarinya, mai manyan idanu, mai son aiki. Sai dai magana ta ƙi zuwa. Sa'o'inta suna ta zuba, ita tana nuni da yatsa. Da maganar ta zo kuma, guntu-guntu ta zo. Tana cewa Inna, tana cewa ruwa, tana cewa hura. Amma kalma in ta yi tsawo sai ta karye mata a baki. Amalanke ta koma "anke". Sunanta ma "Liya" take iya faɗi.

Ji kuwa tana ji sarai. Ko kaza ta taka busasshen ganye a bayan ɗaki sai ta waiwaya. Abin da Lantana ta lura da shi tun da wuri, tun ba wanda ya damu ya lura, shi ne yadda maganar mutane ke zube wa yarinyar. Ka ce mata "kawo ludayi", ta kawo. Ka ce "rufe ƙofa", ta rufe. Amma ka ce, "Tafi gidan Tala ki ce ta ba ki gishiri, in ba ta nan ki dawo," sai ta tafi gidan Tala, maƙwabciyarsu, ta tsaya a tsakar gida, ta yi ta tsayuwa har a zo nemanta. Farkon maganar ta riƙe, sauran ya zube. Kanta kamar ƙaramin ƙoƙo ne, in ka zuba kaɗan ya zauna, in ka tuttula da yawa ya malale, har da na farkon ma wani lokaci.

A dandali ma haka. 'Yan mata suna da wani amshi da suka ƙago, wanda ba shi da ma'ana ko a wurinsu, "jangalaba kurundusa", suna tafi suna juyawa. Ƙananan da ba su kai Raliya ba sun iya. Ita sai ta buɗe baki a makare, ta ce "usa", a fashe da dariya. Daga baya ta daina buɗe bakin, ta tsaya a tafi kawai.

Lantana ta iya da ita. Ta koyi yanka mata magana gutsure-gutsure, ta ba ta ɗaya, sai ta gama ta ba ta na biyu. A haka yarinyar ke ɓarar gyaɗa, tana ɗebo ruwa, tana kiwon awaki. Kalmominta ma suna ƙaruwa a hankali. Da an ƙyale su, da sun ci gaba da lallaɓawa.

To, ba a ƙyale su ba.

Shekarar da Raliya ta kai bakwai ita ce shekarar da ta biyo bayan babban taron ƙasa da aka yi a Yamai, wanda ya kawo ƙarshen jam'iyya ɗaya. Ko'ina jam'iyyu, ko'ina tuta, kowa ya zama ɗan siyasa. Jibo, mijin Lantana, mutumin da bai taɓa ɗaga murya a fadar maigari ba, aka ba shi hula da riga mai hoto, ya shiga jam'iyyar da ba ta Maigari Baƙo ba. Bai tsaya nan ba, har ya miƙe a gaban jama'a ya ce zamanin ranka shi daɗe ya wuce.

Lantana ta ce masa, "Malam, ka bi a hankali."

"Ke, dimokuraɗiyya ce yanzu. Ba mai taɓa ni."

Ba a taɓa shi ba kam. Da lokacin ɗaukar yara ya zo, maigari ya nuna gidan Jibo, ya ce a kawo yarinyar. Ga namijin ƙoƙari! Ka ji haushin uba, ka huce a kan yarinyar da ba ta iya faɗin sunanta ba.

Lantana ba ta tsorata ba da farko. Me za ta ji tsoro? Karo na farko a rayuwarta za ta kai yaro gaban mushe ba tare da ƙarya ba. Ko horo ba ta yi mata ba. Ta yi mata wanka, ta ɗaura mata zane, ta riƙe hannunta suka tafi.

Mushen da ke nan a lokacin, Mushe Mumuni, mutumin Agiye ne, saurayi siriri, wanda ya yi watanni ba a biya shi albashi ba, yana cin tuwon da gidaje ke aika masa bi da bi. Daga sama ana matsa masa ya ƙara yawan 'yan mata a aji. Kuma tun kafin ya sauke jakarsa a garin an ba shi labarin Lantana. Saboda haka ya ƙago nasa gwajin. Yakan ƙirƙiri kalmomin da ba na Hausa ba, ba na faransanci ba, ya ce yaro ya maimaita. Dalilinsa shi ne, faransanci ma a kunnen ɗan ƙauye shirme ne, wanda ya iya maimaita shirme zai iya karatu. Wanda kuma ya ƙi maimaitawa, akwai tarko yana jiransa.

Da layi ya zo kansu, mushen ya dubi Lantana ya yi murmushin da ba na alheri ba.

"A'a, yau malamar kurame ce da kanta. Sannu da zuwa. Wannan kurma ce ko bebiya?"

"Ko ɗaya, Mushe. Tana ji. Magana ce ba ta zauna mata."

"Sabon salo ke nan." Ya sunkuya ga yarinyar. "Ke, ce bati."

"Bati," in ji Raliya.

"Madalla. Ce kolu."

"Kolu."

"Ce tamuki."

Raliya ta dubi bakinsa. "Muki."

"Ta-mu-ki."

"Ta… ki."

"Ce sadukola."

Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Ta sake gwadawa. "Ola."

"Faritokula."

Ta kasa. Idanunta suka ciko. Mushe ya miƙe kamar ya haƙura, ya juya baya, sannan ya ce a hankali, ba tare da ya dube ta ba, "Ɗauko alli." Raliya ta ji magana gajera wadda ta gane, ta yi murna an zo wurin da ta iya. Da gudu ta je tebur ta ɗauko allin ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya ɗaga allin sama, ya nuna wa iyayen da ke tsaye. "Kun gani? Raɗa na yi, ta ji, ta gane. Wadda ta gane magana ta iya maimaita magana. Koya mata aka yi ta rinƙa cinye rabin kalma. Gobe da safe ta zo aji."

"Mushe, wallahi ban koya mata komi ba. Haka Allah ya yi ta. Gajera takan riƙe, doguwa ta zube mata."

"Haka Allah ya yi Labo ma, ko? Na ji yana can Katsina yana tallan rediyo."

Mutane suka kwashe da dariya. A hanyar gida Tala, maƙwabciyarta, ta dafa ta ta ce, "Ƙawa, wannan karon dabararki ta yi yawa. Da kin bar ta a kurumta irin ta da." Wato har matan da suka ga yarinyar ta girma a gabansu, har su sun ɗauka shiri ne. Sun ga tana tsayuwa a tsakar gidan Tala, sun ji "usa" a dandali, amma sun fi son labarin wayon Lantana, don ya fi daɗin faɗi.

Aka fara lakol. Karatun kuwa duk maimaitawa ne. Mushe ya faɗi jimlar faransanci, aji ya amsa gaba ɗaya, ba wanda ya san abin da yake faɗi. A cikin taron Raliya takan motsa baki ta ɓuya. Amma Mushe Mumuni ya sa mata ido, don a ganinsa ba da yarinya yake ja ba, da uwarta yake ja. Kullum sai ya tsayar da ita ita kaɗai. Ya faɗi, ta kawo wutsiyar kalmar, ya zuba mata tsumagiya. Ya sake faɗi da ƙarfi, kamar ƙarfin murya zai faɗaɗa ƙoƙon, ta rikice ta kasa kawo ko wutsiyar, ya ƙara mata. Sannan ya ce "zauna", ta zauna, ya ce wa aji, "Kun ga munafunci? Wannan ta ji shi."

Yarinya ta rinƙa dawowa da sawun tsumagiya a ƙafafu. Ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Kalmomin da Lantana ta sha wuya ta tara mata suka fara raguwa. Ludayi ya ɓace. Akuya ta ɓace. Da safe in an ɗaura mata zane sai ta ƙanƙame turmi. Ranar da Lantana ta hana ta zuwa, maigari ya aiko a faɗa wa Jibo cewa hana yaro lakol laifi ne, in an sake jandarma za su zo.

Lantana ta fara da mijinta.

"Malam, ka tahi ka ba maigari haƙuri. Ɗiyarka ce aka kashewa a tsaye."

"In ba Baƙo haƙuri? Ana saura kaɗan zaɓe? Ki bari mu ci, ki ga yadda za ni yi da shi."

"Kafin ku ci ita ta ƙare."

"Duka ne fa kawai. Wa ba a buga ba?"

Ta je fada da kanta, ta durƙusa daga nesa. "Ranka shi daɗe, yarinyar nan ba ta da lahiyar baki. Kai ma ka sani, a gabanka ta tashi."

Maigari Baƙo yana ɓare goro, ko kallonta bai yi ba. "Mijinki ya ce zamanin ranka shi daɗe ya wuce. To mi kika zo nema wurin abin da ya wuce? Ki tahi wurin dimokuraɗiyya ta hidda maki ita."

Ta ɗauki yarinyar a amalanke ta kai ta likita, wurin majo, ma'aikacin jinyar da ke duba mutanen karkarar. Mutum ne mai kirki, bai wulaƙanta ta ba. Ya haska kunnen yarinyar, ya ƙyasta yatsa a bayanta ta waiwaya, ya ce ta fito da harshe ta fito da shi. Ya ce, "Baiwar Allah, kunne lafiya, harshe lafiya, maƙogwaro lafiya. Ban ga ciwo ba." Gaskiyarsa, bai gani ba. Abin da ke damun Raliya ba ya cikin kunne, ba ya kan harshe, kuma ba wanda ya taɓa koya wa majo inda zai duba. Amma maganar tasa ta riga Lantana isowa gari, ta zama wa Mushe Mumuni shaida. Dukan ya ƙaru.

Ta koma wurin mushen, wannan karon ba gardama ta kai ba, roƙo ta kai. Ya saurare ta yana goge allo, ya ce, "Ni ba mugu ba ne. Da kurma ce ta gaske, da tuni na sake ta. Amma tana ji, kuma ke kin san tana ji."

Wannan maganar ce Lantana ta taho da ita gida tana juyawa. Abin da ya rage wa yarinyar mai kyau, wato jin gajerar magana da gane ta, shi ne igiyar da aka ɗaure ta da ita. Muddin tana ɗauko alli in an ce ta ɗauko, ba mai yarda. Gaskiya ta ƙi fid da ita. Saura sana'ar da Lantana ta iya.

Da zafi ya fara shigowa Raliya ta kwanta zazzaɓi. Ba wani mai tsanani ba ne, amma lokacin sanƙarau ne, kuma kowa ya san sanƙarau kan tafi da jin yaro. Lantana ta kulle ta a ɗaki, ta bar magana ta fita cewa wuyan yarinya ya sanƙare. Da jikin ya yi sauƙi, ta zaunar da ita, ta riƙe hannuwanta biyu.

"Auta, ki ji ni da kyau. Kar ki amsa in mushe ya kira ki. Gaban mushe kawai, cikin lakol kawai. In munka dawo gida, ni da ke, sai ki amsa abinki. Kin ji?"

Raliya tana kallon bakinta, goshi a tattare.

"Kar… amsa," ta ce.

"Yawwa! Gaban mushe."

"Kar amsa."

Lantana, wadda ta fi kowa sanin girman ƙoƙon nan, wadda ta shekara bakwai tana yanka magana gutsure-gutsure, ta ji "kar amsa" ta ɗauka an gane. Tsoro ne ya rufe mata ido, da gaggawa. Sharaɗi ba ya yankuwa gutsure-gutsure. "In kaza, to kaza, amma in kaza, to kaza" doguwar magana ce ko ta ina ka ɓullo mata. Labo ya riƙe ta duka a zama ɗaya. Raliya kalma biyu ta riƙe.

Aka shiga horo. Ta saki tasa, yarinya ta zabura, ta mintsine ta. Ta kira "Raliya", ta waiwaya, ta mintsine ta. Yarinyar ta dube ta da mamaki, don Inna ba ta taɓa sa mata hannu ba. Lantana takan fita bayan ɗaki ta share hawaye ta dawo ta ci gaba. Kuma da yake ta san Mushe Mumuni mai tarko ne, sai ta rinƙa ɗana nata tarkon kafin nasa. Ta saki fuska, ta yi dariya, ta ce, "Shi ke nan, an gama, zo ki sha hura." Yarinya ta taso da murna, ta mintsine ta har fata ta tashi. Ta ce, "Wallahi yanzu an gama da gaske, Auta, zo." Ta taso, ta sake mintsine ta. Ta yi ihu, "Wuta! Gudu!" Ta zabura, mintsini. Ba irin muryar da Lantana ba ta yi amfani da ita ba: ta lallashi, ta wasa, ta kuka, ta firgita. Duk ta ƙona su ɗaya bayan ɗaya, har ranar da ta kira ta da kowace irin murya yarinyar ba ta motsa ba. Kafaɗunta kawai kan ɗan ɗaga, ta ƙanƙame jiki, ta kafa ido a ƙasa.

Sannan ta kai ta lakol.

"Mushe, ga ta. Ciwon ya tahi da kunnen."

Ya yi tsaki, ya fara. Ya kira sunanta ta baya. Ya kifar da benci har yaran aji suka yi kururuwa. Ya raɗa mata "ɗauko alli". Ya ce, "Ga alewa, karɓi." Ya ce, "Tafi gida, na sake ki." Ya ɗaga tsumagiya ta bayanta ya kaɗa ta a iska. Raliya tana tsaye kamar an dasa ta. Ya zagayo gabanta ya durƙusa, ya ce a hankali, "Ce bati." Ta dubi ƙasa.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe fuskarsa ta sauya, kamar wanda ya fara tunanin wataƙila tun farko bai kyauta ba. Ya ce, "Ɗauke ta. Allah ya ba ta lafiya."

Lantana ta ja hannun 'yarta cike da murna. Sai da suka wuce gonakin bayan lakol, ba kowa, ta durƙusa ta rungume ta.

"An gama, Auta! An gama. Ba lakol, ba mushe. Yi magana."

Kafaɗun suka ɗaga. Idanu a ƙasa.

"Da gaske nike. Wallahi an gama. Ce Inna."

Yarinyar ta saci kallon yatsun uwarta, ta ƙara ƙanƙame jiki.

Lantana ta ce a ranta gajiya ce, zuwa gobe za ta sake. Gobe ta zo, jibi ta zo. Ta yanka maganar iya yankuwa: "Amsa." "Babu duka." "Zo." Ta ɓoye hannuwanta a baya ta kira. Ta sa Tala ta kira, ta sa Jibo ya kira. Amma wace kalma ce ta rage? "An gama" ta riga ta zama tarko. "Wallahi" ta zama tarko. Dariya tarko, kuka tarko. Bayanin da zai warware abin, cewa wancan na lokacin ne, yanzu lokacin ya wuce, doguwar magana ce, ba ta shiga ƙoƙon. Gajerun kuma da hannunta ta lalata su. In ta taɓa ta ta nuna mata turmi, yarinyar za ta je ta yi daka. In ta yi magana, sai ta daskare.

Ba a daɗe ba malaman lakol suka shiga yajin aiki saboda rashin albashi. Mushe Mumuni ya ɗaure jakarsa ya koma Agiye, aka rufe ajin da ƙaya, awaki suka mayar da shi wurin kwana. Da Lantana ta ƙara haƙuri kaɗan, da ba mai neman Raliya. Amma wa ya gaya mata? Aka yi zaɓe, manya a Yamai suka ƙulla ƙawance, sai ga Jibo da Maigari Baƙo a tabarma ɗaya suna raba goro, ranka shi daɗe ya dawo bakin Jibo kamar bai taɓa fita ba. Kowa ya koma daidai. Ba wanda ya zo ya tambayi yadda yarinyar ta kwana. Da aka tambayi Jibo ma cewa ya yi, "Ai sanƙarau ne," don shi har ga Allah ya yarda da ƙaryar matarsa, ta fi masa sauƙi.

Da kaka ta zagayo, aka saki shanu cikin gonakin da aka girbe. Wata safiya Raliya tana tsintar ragowar wake a gonar bayan gida, Lantana tana tahowa daga rijiya da tulu a ka. Wani bijimi ya yi faɗa da ɗan'uwansa, aka kore shi, ya ɓalle a guje, ya miƙo ta bayan yarinyar. Lantana ta gani daga nesa. Ta yar da tulun, ta ƙwala ihun da ba ta taɓa yi ba.

"Raliya! Kauce!"

Akwai lokaci. Taki biyu gefe ya isa. Kuma ta ji, Lantana ta ga ta ji, don ta ga kafaɗun sun ɗaga. Yarinyar ta saki waken da ke hannunta, ta miƙe tsaye, ta ƙanƙame jiki, ta kafa ido a ƙasa.

Bijimin ya banke ta ya wuce.

Ba ta mutu ba. Ƙashin cinya ne ya karye. Aka kira maɗori, wani tsoho daga Gidan Sori, ya zo da karansa da tsummansa. Maza biyu suka danne ta, ya ja ƙafar. Zufa ta karyo wa yarinyar, haƙoranta suka datse leɓe har jini, amma ko uhum ba ta ce ba. Idonta yana kan Lantana tun daga farko har ƙarshe, ba a kan fuskarta ba, a kan hannunta.

Tsohon ya ɗaure karan ya girgiza kai. "Kai, na ɗora manya suna kiran uwarsu. Wagga ɗiya akwai dauriya. Allah shi yi mata albarka."

Mutanen ɗakin suka ce amin. Lantana ba ta ce ba.

Ƙafar ta ɗoru a karkace, Raliya ta tashi da ɗingishi. Tana nan tare da uwarta, ita ke juya gyaɗa a kasko, ita ke mulmula ƙuli-ƙuli, kuma ba mai mulmula shi daidai kamarta. Lantana kuwa a ɗakin ɗorin nan ta yanke shawarar da ta fi kowace wuya a rayuwarta. Ta gane cewa duk kiran da ta yi, komai taushinsa, jarrabawa ce take ɗora wa yarinyar, kuma yarinyar za ta ci jarrabawar ko da za ta mutu a kai. Daga ranar ta daina kiranta. In tana son ta, ko daga ina ne, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta taka har inda take, ta zagayo ta gabanta yadda za ta gan ta, sannan ta dafa ta.